Yadda Ake Daidaita Ƙafar Tsohuwar Mota Ba Tare Da An Ga Dalma Ba

 

Jawabin wannan wata a kan ƙafar mota ne. Wani zai ce, me ya haɗa manomi da ƙafar mota? Abin da ya haɗa su yana da yawa. Hatsin da ya noma, a mota ake kai shi kasuwa. Takin da zai zuba a gona, a mota yake zuwa. In haihuwa ta zo wa matarsa da gardama, a mota ake kai ta asibiti. Duk wanda ya hau bayan akori-kura ranar kasuwa, ya ɗora ransa ne a kan ƙafafu huɗu. Saboda haka maganar ta shafi mai mota, ta shafi direba da mai faci, ta kuma shafi fasinja.

A shekarar 1975 ne kamfanin Peugeot, wanda jama'a suke kira Fijo, ya fara haɗa motoci a Kaduna. Motar da aka fi saninsa da ita ita ce 504, wadda aka fara yi a Faransa a 1968. An yi kimanin shekara talatin ana haɗa ta a Kaduna kafin a daina. Gabanta akwai yayarta 404, wadda ta fito a 1960. Har yanzu a wasu ƙauyuka ana ganin akori-kurar waɗannan motoci tana ɗaukar buhuna da awaki da mutane. Sabuwar mota ta yi tsada ƙwarai. Shi ya sa wanda yake da tsohuwa a ajiye yakan tashe ta, ya kashe mata kuɗi, ta koma bakin aiki. Da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani.

To, a ɗauki misali. A ce ga wani manomi mai ɗan hali, ya gaji akori-kura daga mahaifinsa. Ta shekara biyar a bayan gida, kaji suna ƙwai a cikinta. Da ya sayar da amfanin gona sai ya kira makaniki. Aka sauke inji aka gyara. Mai walda ya toshe inda tsatsa ta ci. Mai fenti ya fesa mata shuɗi. Ƙarafan da ake sa wa taya, waɗanda direbobi suke kira wili, wasu su ce rim, su ma aka goge su da samfefa, aka yi musu farin fenti tas. Mota ta fito kamar amarya.

Ranar da aka hau kwalta, lafiya lau ake tafiya har gudu ya kai kilomita 70. Ana haura 80 sai sitiyari ya fara rawa a hannun direba. Kafin a kai 100, madubi yana karkarwa, ƙofa tana ƙara, haƙoran mutum suna haɗuwa. Da aka rage gudu sai abin ya lafa.

Suka shiga gari wurin mai gyaran taya. Ya duba, ya ce, "Alhaji, ƙafafun nan balansin suke so."

"To, a yi musu mana."

Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan inji, ya juya ta, inji ya nuna lamba. Ya ɗauko wata 'yar dalma mai ƙugiya, ya ɗauko guduma.

"Tsaya, Malam! A ina za ka buga wannan abin?"

"A bakin wili, ranka ya daɗe. Nan waje, inda kowa yake bugawa."

"A kan sabon fentin nawa? A'a. A nemi wata dabara."

Shin mai motar yana da gaskiya? Yana da ita, amma rabi. Ƙugiyar dalma takan kankare fenti. Inda fenti ya kankare ruwa yana shiga, tsatsa ta kama. Kuma ba shi kaɗai ne yake da wannan ra'ayi ba. A Amurka akwai mutane da yawa masu sha'awar tada tsofaffin motocin ɗaukar kaya, irin su Chevrolet na shekarun 1947 zuwa 1955 da Ford F-100 wadda aka fara yi a 1953. Suna gyara su, suna kai su wurin baje koli ana kallo. Su ma ba sa son a ga dalma a kan wilin da suka sha wahalar fentawa. Daga wurinsu, da wurin masu manyan motoci, aka samu yawancin dabarun da za a faɗa a nan.

Inda ba shi da gaskiya shi ne in ya ce a bar ƙafar haka nan don kada a ɓata ado. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Me Yake Sa Ƙafa Rawa?

Babu tayar da nauyinta yake daidai a ko'ina. Ko sabuwa ce dal daga kamfani, wani gefen yakan ɗan fi wani nauyi. Haka shi ma wili. Wurin bawul, inda ake ba da iska, yakan fi sauran nauyi. In an yi wa taya babban faci daga ciki, nan ma nauyi ya ƙaru. Bambancin ba shi da yawa. Sau da yawa bai wuce giram 30 ba, wato kamar nauyin ƙwayar magi bakwai ko takwas.

Mutum zai yi mamaki. Yaya za a yi nauyin magi takwas ya girgiza motar da take ɗaukar buhu goma?

Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gona da majajjawa ya san amsar. Ɗan dutsen da ke cikin majajjawa ba shi da wani nauyi. Amma da an fara wulwula shi, sai a ji yana jan hannu. In an ƙara sauri, ja ya ƙaru. Haka wurin nan mai nauyi yake yi wa ƙafar mota.

Ga lissafin. Kewayen tayar ƙaramar akori-kura kamar mita 2 ne. Ke nan a kowace kilomita ɗaya tana juyawa kusan sau 500. In mota tana gudun kilomita 100 a awa, ƙafar tana juyawa sau 13 ko 14 a daƙiƙa guda. A irin wannan gudu, giram 30 ɗin nan da ke bakin taya yana ja da ƙarfin kilo 7, wato nauyin ruwa lita bakwai. Yana ja sama, ya ja gaba, ya ja ƙasa, ya ja baya, sau goma sha uku kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu. A gudun kilomita 50 kuwa jan bai kai kilo 2 ba. Dalili shi ne, in gudu ya ninka sau biyu, jan yana ninkawa sau huɗu. Abin da ya sa ke nan direban da yake bin hanyar burji a hankali ba ya jin komai, sai ranar da ya hau kwalta.

Rawar iri biyu ce, kuma sanin bambancinsu shi ne ginshiƙin wannan magana.

Ta farko ita ce tsalle. Nauyi ya taru a wuri ɗaya, ƙafa tana dukan ƙasa tana tashi kamar ƙwallo. Maganinta irin na mai jaki ne. In mangala ta rinjaya gefe ɗaya, sai ya sa dutse a ɗaya gefen. Haka ake sa dalma daura da wurin da ya fi nauyi.

Ta biyu ita ce lilo. Taya tana da faɗi, tana da gefen waje da gefen ciki. In nauyi ɗaya yana gefen waje ta sama, wani kuma yana gefen ciki ta ƙasa, ƙafar ba za ta rinjaya ba in tana tsaye. Amma da ta fara gudu sai ta riƙa kaɗa kai hagu da dama. Mata masu kaɗi sun san wannan. In gululun mazari ya karkace, mazarin ba ya juyawa a miƙe, sai ya yi ta lilo har zare ya tsinke. Maganin lilo shi ne a sa dalma a wuri biyu, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje. To, wannan ta wajen ita ce mai motar nan ba ya son gani.

Ɓarnar rawar nan ba a hannun direba ta tsaya ba. Taya tana cinyewa tsalli-tsalli, wani wuri ya lotsa, wani wuri da sauran ƙarfi. Tayar da ya kamata ta yi damina biyu sai ta mutu a ɗaya. Boris yana lalacewa. Tayarod da shakazoba suna saki. Mafi muni, ƙafar da take tsalle ba ta riƙe ƙasa sosai. Ranar da saniya ta fito kan hanya aka taka birki, ranar ake gane bambanci.

Kafin A Taɓa Dalma

Ba kowace rawa ce ta rashin balansin ba. In sitiyari ne yake rawa, a zargi ƙafafun gaba. In kujera ce da ƙasan mota, a zargi na baya. In motar tana ja gefe ɗaya, taya kuma tana cinyewa ta baki ɗaya, wannan aikin alaimen ne, wato saita fuskar ƙafafu, dalma ba ta maganinsa. In kuwa sai an taka birki ake jin rawar, ƙoƙon birki ne ya karkace.

Wani lokaci ma laka ce kawai. Da damina taɓo yakan maƙale a bayan wili ya bushe. Dunƙulen busasshen taɓo ya fi dalma nauyi. A wanke tukuna kafin a kashe ko kwabo.

Sai a duba ko wilin a miƙe yake. Tsohon wili ya sha ramuka shekara da shekaru. A sa wa motar duwatsu a ƙafafu don kada ta gangara, a ɗaga ta da jak, a tokare ta da gungumen itace. Kada a yarda da jak shi kaɗai. A ajiye bulo kusa da ƙafar, a ɗora alli a kansa, bakin allin ya kusa taɓa bakin wili. A juya ƙafar a hankali. In wili yana matsowa yana taɓa alli, yana kuma janyewa, ya karkace. In karkacewar ta kai kaurin tsinken ashana, ta yi yawa. Dalma ba ta miƙe karkataccen ƙarfe. Sai dai a kai shi wurin masu miƙe wili, ko a nemi wani. Wannan aiki kafin fenti ya kamata a yi shi, amma mutane da yawa sai sun gama ado suke tunawa.

A kuma karanta jikin tayar. A gefenta akwai wani layi da ya fara da haruffa DOT. Tun daga shekarar 2000, lambobi huɗu na ƙarshen layin suna faɗin lokacin da aka yi ta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawara kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara goma, ko da zanenta bai cinye ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ma ta sha yin gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Motar da ta shekara biyar a bayan gida, tayoyinta sun bushe sun tsattsage, babu balansin da zai raya su. Mai sayen tayar gwanjo ma ya duba lambar nan da idonsa, kada ya tsaya ga bakin mai sayarwa.

Dabarar Da Ba Ta Cin Ko Kwabo

Tun da taya tana da wurin da ya fi nauyi, wili ma yana da nasa, me zai hana a sa su su kashe juna? A kan sababbin tayoyi da yawa akwai ɗan ɗigo rawaya a gefe. Wannan ɗigo yana nuna wurin da ya fi rashin nauyi a tayar. Sai a sa shi daidai da bawul. Wasu tayoyin suna da jan ɗigo. Shi yana nuna wurin da tayar ta fi tudu. In wilin yana da 'yar alama ko ɗan lotsi da kamfani ya yi don nuna wurin da ya fi kwari, sai a haɗa jan ɗigon da wannan alama. In akwai alamar, jan ɗigo ake bi, a bar rawayan.

Masu faci da yawa ba sa kula da ɗigon nan. Yadda taya ta faɗa kan wili haka suke ba ta iska. Mai mota ya tsaya a kansu ya nuna musu.

Tayar da aka yi amfani da ita, ɗigonta ya goge. Duk da haka akwai abin yi. In inji ya nemi dalma mai yawa, a ce giram 120 a ƙaramar ƙafa, kada a yi saurin bugawa. A sace iskar, a ɓamɓare tayar daga bakin wili, a juya ta rabin kewaye, a sake ba ta iska, a sake gwadawa. Sau da yawa lambar takan sauko sosai. Wahala ce ta minti goma sha biyar. Kuma duk dalmar da aka rage, ɓoye sauran ya fi sauƙi.

Ɓoye Dalmar A Ciki

Hanya mafi sauƙi ita ce a buga dalma mai ƙugiya a bakin wili na ciki kawai, wanda yake fuskantar ƙarƙashin mota. Injin balansin yana da maɓallin da ake dannawa ya ba da lamba ɗaya maimakon biyu. Wannan yana maganin tsalle. Ba ya maganin lilo. Gaskiya ma, in dalmar tana da yawa, tara ta a baki ɗaya yana iya jawo lilon da babu shi da.

Sa'ar da aka yi ita ce wilin tsofaffin motoci siriri ne. Faɗinsa yakan kama daga inci huɗu da rabi zuwa shida. Ƙafa siririya ba ta cika lilo ba, don bakin ciki da na waje suna kusa da juna. Saboda haka wannan hanya takan wadatar a tsohuwar akori-kura, musamman ƙafafun baya. A kan faffaɗan wili irin na motocin zamani kuwa, ba ta isa ba.

Hanyar da ta fi ta ita ce dalma mai gam. Tana zuwa a jere kamar ɓawon gyaɗa a kan tef, kowane yanki giram 5 ko 10, a yanke yadda ake so. Ana manna ta a cikin cikin wili, bayan farantin da notuna suke kamawa, inda ido ba ya kaiwa. In guda ɗaya za a sa, a manna ta a tsakiyar faɗin wilin, ba a baki ba. Nan ne ba za ta jawo lilo ba. In kuma ana son maganin lilo, sai a sa biyu. Ɗaya a bakin ciki, ɗaya a matsa da ita har ta kusa taɓa bayan farantin. Dole a gaya wa injin ainihin inda za a manna, don ya yi lissafi da shi. Injinan zamani suna da wannan tsari. Kuma a sani, dalmar da aka matso da ita ciki sai ta fi ta bakin waje yawa, don tana kusa da cibiyar ƙafa, kuma tazarar da ke tsakaninta da 'yar'uwarta ta ragu.

Abu biyu suke ɓata wannan aiki. Na ɗaya datti. Gam ba ya kama tsatsa, ba ya kama ƙura ko maiƙo. A goge wurin sosai, a bari ya bushe, sannan a manna a danna da ƙarfi. In an yi ganganci, rami na farko zai cire ta, mai mota bai sani ba. Na biyu matsi. A wilin ƙarfe, tsakanin wili da ƙoƙon birki ba wata tazara mai yawa. Bayan an ɗaura ƙafar, a juya ta da hannu a saurara. In an ji ƙarar guga, dalmar tana taɓa birki, a sake mata wuri.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai tsohuwar mota ya tambaya. Yawancin injinan balansin suna riƙe wili ta ramin tsakiya. Wasu tsofaffin wili ramin nasu ba a tsakiya sosai yake ba, notuna ne suke saita su a jikin mota. Irin waɗannan sai an riƙe su da wani faranti mai fiƙoƙi da yake shiga ramukan notuna. In ba haka ba, inji zai nuna sifiri, amma a kan hanya rawa tana nan. Gwajin yana da sauƙi. Bayan an gama, a sauke ƙafar daga inji, a ɗan juya ta, a sake ɗorawa. In lambar ta canza da yawa, riƙon ne ba daidai ba.

Wanda motarsa take da murfin wili mai faɗi, wanda ya rufe har baki, shi ba shi da damuwa. A buga dalma ciki da waje, murfi ya rufe. Wani kuma yakan shafa wa dalmar fenti irin na wilin. Sai an sunkuya ake ganinta. Ga mai ɗaukar fasinja a kan kwalta kullum, wannan ya fi duk sauran dabaru, don ba a rage komai daga lafiyar ƙafa ba.

Tsakuwa A Cikin Taya

Akwai wata dabara da take ba mutane mamaki. Ana sayar da wasu ƙananan ƙwayoyi na gilashi ko na tangaran, ƙanana kamar gero ko ƙasa da haka. Ana zuba su a cikin taya. In mota tana tsaye suna kwance a ƙasa. In ta fara gudu sai su bazu su manne a jikin taya ta ciki. Duk lokacin da wuri mai nauyi ya fizgi ƙafar, su da yake a sake suke, ba sa bin sa, sai su gangara ɗaya ɓangaren. A hankali su taru daura da nauyin, rawa ta lafa. In an tsaya su zube, in an tashi su sake jeruwa. A waje ba a ganin komai.

Masu manyan motoci a Amurka da Kanada suna amfani da su. Sun fi aiki a doguwar taya siririya mai nauyi. Amma kada a ɗauke su maganin komai. Tsalle suke ragewa, ba sa maganin lilo. A ƙananan motoci wasu sun ji daɗinsu, wasu sun zuba sun kwashe. Babban abokin gabarsu shi ne ruwa. Injin ba da iska da ba a zubar da ruwan tankinsa yana tura danshi cikin taya. Danshi ya sa ƙwayoyin su dunƙule wuri ɗaya, abin da aka sa don magani ya zama ciwo. Suna kuma iya toshe bawul iska ta riƙa zurarewa, shi ya sa ake haɗa su da bawul mai rariya. Yawan da za a zuba yana rubuce a jikin ledarsu, gwargwadon girman taya.

Kada wani ya ji wannan ya ɗebi yashi ko tsakuwar rafi ya zuba. Yashi yana da kaifi, zai ci tub, ya ci taya daga ciki.

Wani kamfani a Amurka mai suna Centramatic yana yin wani zobe da ake sawa a bayan wili, notuna su kama shi. A cikin zoben akwai ƙananan ƙwallaye a cikin mai, suna aiki irin na ƙwayoyin nan. Shi ma ba a ganinsa sosai daga waje, amma yana da tsada, kuma sai an samu wanda ya dace da ramukan notunan motar.

Inda Babu Inji

A ƙauyen da yake nesa da gari ana iya rage tsalle da hannu. Akori-kurar Peugeot da ƙafafun baya take tafiya, saboda haka na gaba suna juyawa a sake. A ɗaga ƙafar gaba, a tokare motar. A tabbata birki ba ya guga. A ɗan juya ƙafar a bar ta ta tsaya da kanta, a yi alama da alli a can sama. A sake har sau uku. In alamar tana tsayawa a wurare dabam-dabam, ƙafar ba ta da laifi mai yawa. In kullum wuri ɗaya ne yake komawa sama, nan ne mara nauyi. A ɗaura 'yar dalma a wurin da tef, ta ciki, a sake gwadawa, ana ƙarawa ana ragewa har ƙafar ta daina zaɓen wurin tsayawa. Sannan a manna ta sosai. Wannan bai kai aikin inji ba, don giris ɗin boris yana riƙe ƙafa, ba ya barin ta nuna ƙaramin bambanci. Amma ya isa a lallaɓa a kai gari.

Ita kanta dalmar, guba ce. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana yin balansin da ita tun 2005, jihar Kalifoniya ta Amurka ta bi sahu a 2010. Yanzu da ƙarfe ko tutiya suke yi, suna ne kawai ya rage. Waɗannan ba su kai dalma nauyi ba, don haka sun fi ta girma, abin da yake ƙara matsi a bayan wili. Amma ta ainihin tana nan a garejoji da yawa. Ba a manta da abin da ya faru a jihar Zamfara a 2010 ba, a yankunan Anka da Bukkuyum, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara kimanin 400. Mai faci kada ya bar yara su tsinci guntayen dalma suna wasa, ko suna sawa a baki. Kada a narka ta a tukunyar abinci. A wanke hannu da sabulu kafin a ci tuwo.

Haɗari biyu kuma sun fi ƙarfin a yi shiru a kansu. Tsofaffin manyan motoci irin su Mercedes 911 suna da wili mai zobe, wanda ake harhaɗawa. In zoben ya yi tsatsa, ko bai zauna daidai ba, yakan fizge lokacin ba da iska da ƙarfin da zai kashe mutum nan take. A ba shi iska a cikin kejin ƙarfe, ko a naɗe shi da sarƙa, kuma kada kowa ya tsaya a gabansa. Na biyu, kada a taɓa yi wa wili walda ko a gasa shi da wuta alhali taya tana jikinsa, ko da an sace iskar. Zafi yana sa robar ta fitar da gas a ciki, tayar ta fashe, wani lokaci bayan an riga an kashe wutar.

A koma ga manomin nan da akori-kurarsa. Mai gyara ya juya tayoyin a kan wili, lamba ta sauko. Ya goge ciki, ya manna dalma mai gam a bayan faranti, ya juya ya saurara, babu guga. Farin fenti yana nan yadda yake. Da zai ɗaura ƙafafun sai ya ɗauko wuƙa ya fara kankare wani wuri.

"Malam, ba mun yi da kai ba za a taɓa fentin ba?"

"Wannan na baya ne, Alhaji, inda wili yake kwanciya a jikin mota, da cikin ramukan notuna. Ba mai ganinsa."

Mai gyaran ya san aikinsa. Fenti mai kauri a wannan wuri yana murƙushewa in an fara tafiya. Da ya murƙushe sai notuna su saki, ƙafa ta fara wasa, wata rana ta fice a bar mota da uku. Ya ɗaure notunan ɗaya nan ɗaya can daura da shi, ba a jere ba, don wilin ya zauna daidai. Ya ce wa direba in sun yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, ya tsaya a gefen hanya ya sake bin su da sifana ɗaya bayan ɗaya. Haka kuma duk ranar da aka cire taya daga wili don faci, a yi alama da alli a daidai bawul, a mayar da ita yadda take.